Daga Adakar Littattafai: Bugun Farko da Masu Alƙalaminsa

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da muka taɓo zancen tsofaffin ƙagaggun labarai a fitowar da ta wuce, wasiƙu suke ta shigowa, yawancinsu ta wayar hannu, haɗe da hotunan littattafan da suka sha jiki. Na zaɓo kaɗan. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, da yawanku tambayarku ɗaya ce da ta malamin nan na Funtuwa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu muka buɗe adakarsa, sai na tarar da Ruwan Bagaja a ƙarƙashin takardun gona. Takardar ta yi ja, kuma kuɗin da aka buga a bango da sule ne, ba naira ba. Wani abokina ya ce bugun farko ne, wai in na kai shi Turai har gida sai na saya. Yaya zan tabbatar? Daga wani malamin firamare, Funtuwa.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, mu ɗan jingine maganar gida tukuna. Ɗauko littafin ka ajiye a gabanka, don shi da kansa zai faɗa maka shekarunsa in ka san inda za ka duba.

Fara da sunan waɗanda suka buga shi, a ƙasan shafin farko ko a bayansa. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, wadda a wannan tsakanin ta koma Hukumar Talifi, ya nemi malaman Arewa su rubuto ƙagaggen labari da boko a yi gasa. Biyar aka fitar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Tsakanin 1934 da 1935 suka fito. Wannan shi ne bugun farko, duk wanda ya zo bayansa maimaici ne. Kamfanin Gaskiya sai a 1945 aka kafa shi a Tudun Wada. Hukumar NORLA, mai buga littattafai ta gwamnatin Arewa, ta yi aikinta a shekarun 1950, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC na Zariya, na littattafai, ya zo a 1966. In ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan uku a jikin kwafinka, to magana ta ƙare: littafin tsoho ne, amma an riga shi zuwa duniya.

Sule ɗin da ya ruɗi abokinka kuwa, abin da yake nunawa kawai shi ne an buga littafin kafin Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule da sisi da taro. Daga 1934 zuwa 1973 kusan shekara arba'in ke nan, kuma an yi ta maimaita buga Ruwan Bagaja a cikinsu. In ka ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ita ma shaida ce cewa bai riga shekarun 1970 ba.

Sannan ka duba rubutun kansa. Haruffan nan namu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba da su aka fara boko ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma da ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafi a gabansa ya bambance su. Sai can cikin shekarun 1930 ƙugiyar ta zauna. Saboda haka in ka buɗe ka ga ɗigo ko waƙafi a inda ka saba ganin ƙugiya, ka rufe shi a hankali, ka wanke hannu, ka sake rubuto mini, don ka riƙe abin da ba kowa ya taɓa gani ba.

Kada kuma ka raina rubutun hannun Baba in akwai. Mutanen da sun saba rubuta suna da aji da shekara a cikin bango, wani lokaci har da hatimin makaranta ko na En'e. Wannan kwanan watan shi ne iyaka: littafin ba zai kasa shi tsufa ba.

In ka tambayi zatona tun ban gani ba, zan ce na shekarun 1950 ne ko na 1960. A zamanin Yaƙi da Jahilci ne aka buga littattafan Hausa da yawan gaske, suka shiga ƙauyuka, kuma su ne aka fi tararwa a adakar iyayenmu. Ba zai saya maka gida ba. Amma kwafin NORLA mai cikakken shafi, da sunan mai shi a jiki, yau ba a tsintarsa a tebur. Ni da nawa ne, da ba zai bar gidan ba.

TAMBAYA: Baba, ni fa ban gane ba. Labari ɗaya ne, ko a tsohuwar takarda ko a sabuwa. Mene ne abin wahalar da kai wajen neman bugun farko? Kuma me ya sa kullum sai kun haɗa da tarihin marubucin? Daga wata ɗalibar Hausa, Damagaram.

AMSA: 'Yata, tambayarki ta fi duk sauran, kuma na ji daɗi da ta fito daga Damagaram, inda na san ana karanta littattafan Zariya da na Kano kamar yadda ake karanta su a nan.

Na farko dai, ba kullum labarin yake zama ɗaya ba. Littafin da aka sa a manhajar makaranta yakan sha gyara: a sabunta ƙa'idar rubutu, a sauya kalmar da edita ya ga ta yi nauyi ko ta yi karin harshen wani gari, a cire zane, wani lokaci a taƙaita domin yara. Mai nazarin yadda Hausa take a bakin mutumin Katsina ko na Bauci a 1934 ba zai dogara da bugun da aka tace sau da yawa ba.

Na biyu shi ne abin da ya riƙe ni a wannan harka. Bugun farko yana nuna miki marubuci a ranar da bai san abin da zai zama ba. Ɗauki Shaihu Umar. Mu da muka karanta shi a makaranta, mun san shi a matsayin littafin Firayim Minista, Alhaji Sa Abubakar, wanda aka kashe a Janairun 1966. Amma wanda ya rubuta shi saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an haife shi a 1912, bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, ya koma Bauci yana koyarwa a Midil. Ba shi da sarauta, ba shi da muƙami. Kuma da aka ce ya ƙago labari, abin da ya zaɓa shi ne yaron da cinikin bayi ya raba da uwarsa, da uwar da ta bi sahara tana nemansa. In kika riƙe wannan a ranki, sanyin halin da ake ba da labarinsa game da mutumin nan za ki gan shi tun a shafukan. Fassarar Mervyn Hiskett ta 1967 da fim ɗin Adamu Halilu na 1976 duk sun zo ne bayan sunan ya riga ya yi nauyi.

Ko ki dubi gidan Kagara. Bello Kagara da Abubakar Imam wa da ƙane ne, kuma su biyun suna cikin biyar ɗin nan. Amma tsakaninsu akwai shekara ashirin da ɗaya: an haifi Bello a 1890, Imam a 1911. Bello ya yi wayo kafin Turawa su ci Kwantagora a 1901, shi ya sa Ganɗoki ya buɗe da ƙurar yaƙi da kirari, muryar wanda ya ga zamanin da idonsa. Imam kuwa a ƙarƙashin mulkin Turawa ya buɗe ido, ya yi allo ya yi boko, sai alƙalaminsa ya tafi wajen raha da wasa da hankali. Gida ɗaya, gasa ɗaya, duniya biyu. Daga ɗan littafin nan Ruwan Bagaja ne East ya gane abin da ya samu, ya sa aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wato siririn littafin nan na farko shi ya juya rayuwar mutumin gaba ɗaya.

Haka Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Mai riƙe da wannan bugun yana riƙe da lokacin da sunan mace ya fara hawa bangon ƙagaggen labarin Hausa, shekara arba'in da shida bayan na maza.

Sai dai ga gargaɗi, tun da ke ɗaliba ce. Sanin rayuwar marubuci ba lasin ba ne na cewa duk abin da ya sami tauraruwar labari shi ya sami marubuciyar. Marubutanmu mata sun sha wannan zalunci: mace ta rubuta labarin saki, a ce asirin gidanta ta tona. Ki nemi shekarar haihuwa, makaranta, aiki, garin da aka zauna, wanda ya buga littafin da yadda aka biya kuɗin bugun. Abin da ya wuce wannan, in ba ita ta faɗa da bakinta ba, tsegumi ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na gani a intanet an sayar da littafi ɗaya a kan kuɗin da ya fi jarin shagona. Shin wannan sana'a ce da mutum zai sa kuɗinsa? Ina da Things Fall Apart mai ruwan lemo tun na sakandare. Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne. A Disambar 2021 wani gidan gwanjo a Amurka ya sayar da bugun farko na littafin Harry Potter na ɗaya a kan dala 471,000. Amma ka ji dalili. A 1997 kamfanin Bloomsbury na Landan kwafi 500 kacal ya buga masu kaurin bango, da yawansu aka kai ɗakunan karatu yara suka yi musu kaca-kaca, sannan daga baya miliyoyin mutane a duniya suka so littafin. Abu uku ke nan suka haɗu: ƙarancin kaya, yawan masu nema, da lafiyar kwafin. In ɗaya ya faɗi, farashi ya faɗi. Kai da ke Kwari ka fi ni sanin wannan.

Su Turawa suna da hanyar gane nasu. A bayan shafin farko za ka ga layin lambobi, 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1. Duk sabon bugu sai a goge mafi ƙanƙanta, saboda haka in 1 tana nan, na farko ne. Suna kuma mutuwar son rigar takardar nan da ake sa wa littafi mai kaurin bango. Sau da yawa rigar ta fi littafin kansa tsada, don ita ce ake fara yarwa.

Naka mai ruwan lemo na jerin African Writers Series ne, wanda kamfanin Heinemann ya fara a 1962. Littafin nan naka na Chinua Achebe shi ne lamba 1 a jerin, lamba 2 kuwa Burning Grass na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, labarin Fulani makiyaya. An yi ta buga su ba adadi domin makarantu. Ainihin bugun farkon na Achebe ya fito ne a Landan a watan Yunin 1958, mai kaurin bango, kwafi 2,000. Wannan in da rigarsa, dubban daloli ake magana. Kuma saura ƙiris da bai fito ba sam: Achebe yana aiki a gidan rediyo a Legas ya aika rubutun hannunsa, kwafi ɗaya tilo, ga wasu masu buga tafireta a Landan, suka karɓi kuɗi suka yi shiru wata da watanni, sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta taka har ofishinsu sannan suka yi aikin.

Shawarata a taƙaice: kada ka taɓa jarin atamfa saboda wannan. A nan ba mu da gidan gwanjon littattafai, ba mu da dillalan da suka san farashi, ba mu da masu sayen da za su yi takara. Wanda ya ce maka yana da bugun 1958 a araha, ka nemi hoton bayan shafin farko kafin ka amsa sallamarsa ta biyu. In kuwa sha'awa ce ta kama ka, to bismilla, ka ware abin da ba zai dame ka ba, ka karanta amsar da ke biye, don a can ne kuɗinka zai yi aikin da ba wanda yake yi.

TAMBAYA: Malam, ina da buhu guda na littattafan soyayya da na tara tun ina budurwa, daga wajen 1992 har na yi 'ya'ya uku. Yanzu za mu tashi daga gidan, maigida ya ce tarkace ne, a ba mai ƙosai ko 'yan gwangwan. Raina bai so ba. Suna da wani amfani? Daga wata uwargida, Gwammaja, Kano.

AMSA: Hajiya, don Allah kada buhun nan ya fita daga hannunki. Ki gaishe da maigida, ki karanta masa wannan amsar.

Littattafan Zariya na 1934 suna da wuyar samu, amma hukuma ce ta buga su, kuma hukuma tana ajiya. Akwai wuraren da mai bincike zai dosa: Gidan Arewa a Kaduna, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, makarantar SOAS a Landan. Naki kuwa ba su da uban da ya tsaya musu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka janye daga buga labaran Hausa, matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Sai Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da nata Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da ɗaruruwa bayansu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ce duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi uku ajiya, amma yawancin marubutan nan ba su ma san da ita ba. Masana suka raina su, aka kira su adabin kasuwa. A 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano. An buga su a takarda mafi araha, an karanta su har sun mutu. Saboda haka akwai littattafan da ita kanta marubuciyar ba ta da kwafin farko, kuma mai yiwuwa yana cikin buhunki.

Ki dubi Hajiya Balaraba. Ƙanwar Janar Murtala ce, amma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha uku, sai daga baya ta koma karatun manya. Littafin da ta buga a Kano a 1990, shi ne Farfesa Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a Indiya ya fitar da shi da Turanci a 2012. Masu nazari a ƙasashen waje suna karanta fassarar, amma ɗan siririn asalin mai fil biyu a tsakiya, wa ya ajiye shi? Irinku.

Ga yadda za ki tantance su, don waɗannan ba sa rubuta bugu na nawa ne, wasu ko shekara babu. Ki duba lambar waya. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, saboda haka duk littafin da ke ɗauke da lamba mai farawa da 080, daga wannan shekara ne zuwa sama, ko da an rubuta 1993 a ciki. Na da, akwatin gidan waya za ki gani, ko lambar tarho ta Kano mai 064. Ki duba bango: na farko-farko zanen hannu ne mai launi ɗaya ko biyu, hotunan 'yan fim da aikin kwamfuta daga baya suka zo. Sannan ki buɗe shafin da aka jera littattafan marubucin. In littafin farko ne na marubuciya amma an jera wasu shida a ƙarƙashin waɗanda suka fito, to maimaici ne. In kuwa an ce na biyu yana nan tafe, kin kusa da asali. Kada ki tsallake sadaukarwa da godiya da tukwici da wasiƙun masu karatu. A nan ne rayuwar marubutan take: sunan ƙungiyarsu, kamar Raina Kama, wanda ya ba da rancen kuɗin bugu, wanda ya buga a tafireta, lokacin da suna ya sauya saboda aure.

Ina da wani kwafi da ya fito daga gidan hayar littattafai. A cikin bangon baya, mai hayar ta ja layi da jan biro, ta riƙa rubuta ranar da aka ɗauka da unguwar da aka kai shi, tana soke wanda aka dawo da shi. Layin ya cika ya zagayo gefe. Kusurwar shafukan ta yi laushi, akwai tabon manja a wajen da labarin ya yi zafi, wata kuma ta rubuta da fensir a gefe tana tsine wa kishiyar da ke cikin labarin. Ga ɗan gwanjon Landan wannan kwafi ya lalace. Ga mai son sanin su wa suka karanta littattafan nan da yadda suka karanta su, ya fi sabo fil amfani.

Ki haɗa na ɗaya da na biyu da na uku na kowane labari wuri guda, ki sa 'yarki ta rubuta sunayensu da na marubutan a littafin rubutu. In wuri ya yi muku kaɗan a sabon gida, ki tuntuɓi sashen harsunan Nijeriya na jami'ar da ke kusa da ke, ki ba su da sharaɗin a rubuta sunanki a matsayin mai kyautar, ki kuma karɓi takardar shaida.

TAMBAYA: Malam, a nan damina ba ta ƙarewa. Littattafan Hausa da kakana ya kawo daga Arewa sun fara wari, wasu gara ta taɓa. In sa su a leda ne, ko in kai a manne su da roba? Daga wani matashi, Zangon Kumasi.

AMSA: Ɗana, ko ɗaya kada ka yi. Leda tana kulle danshi a ciki, littafi ya yi fumfuna. Mannewa da roba mai zafi kuwa ba a warware ta, an kashe takardar ke nan. Haka selotef: shekara kaɗan zai yi ja, ya bar tabon da ba ya fita. Shafin da ya yage, ka bar shi a yagensa, ka sa shi tsakanin farar takarda biyu.

Yau ɗin nan ka raba waɗanda gara ta taɓa da sauran. Ka shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, a buɗe, ba a rana ba, don rana tana sa tsohuwar takarda ta yi ƙarau ta karye. Ka share ƙura da fumfuna da busasshen buroshi mai laushi, a waje, da ƙyalle a hancinka. In fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa yana cin takarda, ka buɗe shi a hankali ka cire, ka naɗe littafin da farar takarda. Akwatin ƙarfe ya fi kwali, amma ka ɗora shi a kan benci ko bulo, nesa da bango, don ta ƙasa da bango gara take zuwa. Busasshen ganyen darbejiya a ƙullin tsumma, ko kafur a kusurwa, yana rage ƙwari, sai dai kada su taɓa takardar. Abin da ya fi duka shi ne ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa, musamman tsakiyar damina. Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, har da bango da bayansa.

TAMBAYA: Malam, akwai wani dattijon marubuci a unguwarmu, ina da littafinsa na farko. Ina so ya sa mini hannu, amma ina jin nauyi. Ya dace? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Ya dace ƙwarai, ɗana, kuma kada ka jinkirta. Ka nemi wanda ya san shi ya yi maka iso, ka je bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, kada ka miƙa littafi tun daga zaure. Ka tafi da biro mai kyau, ka roƙe shi ya rubuta sunansa da kwanan wata da gari a shafin da ke ɗauke da sunan littafin. In ya sa sunanka, alheri ne.

Amma sa hannun shi ne ƙaramin abin da za ka samo. In ya sake da kai, ka nemi izinin naɗar muryarsa, ka tambaye shi abin da ba a rubuta a ko'ina ba: a ina ya zauna ya rubuta shi, yana wane aiki a lokacin, wa ya fara karantawa, wace maɗaba'a ce, kwafi nawa aka buga, nawa aka biya shi, me edita ya cire, kuma ina rubutun hannun yake yanzu. Wannan ta ƙarshen ka yi ta a gaban ɗaya daga cikin 'ya'yansa, don su san takardun da ke cikin ɗakin nan abin adanawa ne. In ka dawo, ka rubuta abin da ya faɗa a farar takarda da ranar da kuka yi hirar, ka sa a cikin littafin, ka aiko mana da kwafi mu buga a wannan fili in ya amince.